Buhu Goma Zuwa Maraɗi

Kawuna ne ya ja ni wannan tafiya. Ya fi shekara talatin yana sana'ar wake a Dawanau, ƙanwarsa kuma, wadda muke kira Inna, tana aure a Maraɗi tun ba a haife ni ba. Za ta aurar da autarta kafin azumin 2025, aka ce dole wani cikin 'ya'yan ɗaki ya raka shi. Ni na sayi atamfa da turare. Shi kuwa Kawu, da na je ɗaukarsa da asuba, ƙunshin buhunan da babu komai a ciki na tarar a gabansa, guda goma, an naɗe an ɗaure da igiya.

Na ce, "Kawu, gidan biki za mu fa, ba kasuwa ba."

Ya ce, "Kai dai ɗauka. In mun je ka ga wadda za a fi yi wa godiya, atamfarka ko buhuna."

Daga Kano zuwa Katsina babu abin ba da labari. Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanchi, hazo ya rufe ko'ina, kowa ya naɗe kansa da rawani ko mayafi. A Katsina muka sauya mota. Direban ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga, domin hanyar Jibiya a shekarun nan ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata dare.

A wannan motar ce aka yi gardamar jirgin ƙasa. Mun hangi inda aka tara ƙasa aka daddaɓe, ga manyan motocin aiki, sai wani matashi a kujerar baya ya ce shi har gobe bai ga dalilin da Najeriya za ta ci bashi ta kai wa wata ƙasa dogo ba. Wani dattijo mai fataucin shanu ya juyo ya ce masa, "Yaro, ka taɓa kora shanu daga Maraɗi zuwa Legas a bayan tirela? Ka taɓa sauke mushe a hanya?" Matashin ya yi shiru.

Ni dai ina tare da dattijon, ko da yake ba don shanu kaɗai ba. Layin nan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dalar Amurka biliyan 2, tsawonsa kilomita 284 ne: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan Maraɗi. Kusan dukkansa a cikin Najeriya yake, ɗan guntun ƙarshe ne kawai ya leƙa ƙetare. Nijar ba ta da teku. Shekara da shekaru kayanta ta tashar Kwatano suke shigowa, kuma tun rikicin 2023 da ta rufe iyakarta da Benin sai an zagaya ta Lome da Burkina Faso. Duk wanda ya kai dogo ƙofar Maraɗi, ciniki yake jawo wa tashoshin Legas. Sai dai dogo ƙarfe ne kawai. Abin da ya dame ni shi ne abin da na ƙirga da idona a 'yar tazarar nan ta Katsina zuwa bakin iyaka, wadda ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba in da za a bar mota ta tafi: itace a gicciye, ganga, mai kaki, direba ya miƙa hannu a dunƙule, a ɗaga itace. Na ƙirga har na gaji na daina. Duk kuɗin nan a kan mudun wake da kilon nama suke ƙarewa.

A Magama muka sauka muka nuna takardu. Ina ta fargaba, saboda ba a fi 'yan makonni ba da Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ranar 29 ga Janairun 2025. Na ɗauka za a ce mana sai biza. Babu wanda ya ɗaga maganar. Ƙungiyar ta riga ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun tafiya masu tambarinta, a bar mutane da kaya su wuce kamar da, har sai an sake zama. Wato yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 tana nan tana aiki a bakin shinge, ko da shugabanni ba sa ga maciji. A Ɗan Isa jandarman da ya karɓi katina ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Bakano, ina gajiya? Ina mutanen gida?" Hausarsa ta fi tawa tsabta.

Iyakar nan dai Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500. Ba ta raba komai ba sai takarda. Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta, zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar birnin Katsina bayan jihadi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Gwamnatoci ma sun san da haka: tun 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai, shekara huɗu kafin a haifi ECOWAS a Legas. Direbanmu na wancan ɓangaren, tsoho ne ƙwarai, ya ce yana yaron mota lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 don ta dace da maƙwabta, kafin nan kuwa in an zo iyaka sai a sauya hannu.

Kuɗi ne suka fara kunyata ni. Na tsaya sayen ruwa, yarinya ta ce dala ashirin, na tsaya ina kallonta. Ashe dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, jaka kuma dubu. Kawu ko a jikinsa. Bai ma ɗauko kuɗi ba. Tun jiya ya ba wani ɗan canji naira a Wapa, da muka shiga gari ya buga waya, muka tsaya a wani shago kusa da babbar kasuwa, aka ƙirgo masa sefa aka miƙa, ko takarda ba a rubuta ba. Na tuna yadda aka yi ta shelar tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Akara a Janairun 2022, wanda zai ba ɗan kasuwar Afirka damar biya da kuɗin ƙasarsa, abokin cinikinsa ya karɓa da nasa, ba sai an bi ta dalar Amurka ba. Tsari ne mai kyau, ina kuma fatan ya kankama. Amma ɗan canjin Wapa da alhajin Maraɗi sun daɗe suna yin haka, jarinsu amana da sanin gidan uban juna.

Inna ta rungume atamfata ta sa mini albarka. Da ta kwance ƙunshin Kawu kuwa sai ta rangaɗa guɗa, ta aika a kira maigidanta daga zaure. "Yaya, ka san kuwa abin da nake nema ke nan?" Kawu ya kalle ni ta gefen ido, bai ce komai ba.

Sai a daren nan na zauna na dubi buhun da kyau. Ruɓi uku ne. Leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa na waje wanda yake ɗaukar wahalar ɗauka da saukewa. Inna ta nuna mini da wakenta: ta zuba a ledar ciki, ta girgiza ya zauna, ta matse iska da gwiwar hannu, ta murɗa bakin ta lanƙwasa ta ɗaure tamau. Ta yi wa ta biyu haka, ta yi wa na waje haka, kowanne da ɗaurinsa. Shi ke nan. Ƙwaron da ke ciki zai shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Babu fiya-fiya, babu ƙwayar nan da ake tusawa a tsakiyar buhu. Wanda ya san cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu da muke cin waken a gida kuwa babu wanda yake auna mana.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin buhun. PICS ake ce masa. Masana na jami'ar Purdue a Amurka ne suka faro binciken tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka zo aka ƙara gwada shi tare da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, a nan Maraɗi, daga 2007 aka shiga yaɗa shi ƙauye-ƙauye, masana'anta a Kano kuma ta riƙa buga shi. Ƙasa huɗu a jikin buhu ɗaya. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na bin ta, kuma yawancin abin da Nijar take fitarwa cikinmu yake ƙarewa. Manomin da a da yake karyar da wakensa da kaka don tsoron ƙwari, yanzu yana iya riƙe shi har bazara, lokacin da ya yi daraja.

Sai dai hirar zaure ba ta yi daɗi haka ba. Mijin Inna, wanda nake kira Baba, ya lissafo mana shekarun da yatsunsa. Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka saboda shinkafa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, ana saura kwanaki a fara cinikin bai-ɗaya na Afirka da aka yi ta yi wa kirari. Mayun 2023 aka cire tallafin mai, 'yan ruwa-ruwa na bakin titi suka shiga uku. Yulin 2023 sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya take ba su, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take sha. Sai Maris na 2024 aka buɗe. Oktoban 2024 kuma gwamnatinsu ta hana fitar da hatsi, har da wake, zuwa ko'ina in ba Mali da Burkina Faso ba.

Ya ce, "Ɗana, wancan ya rufe, wannan ya rufe. Kaya kuwa ba su fasa wucewa ba. Sun dai koma bin daji a kan babur, da tsada, da haɗari, gwamnati ba ta samu ko tamma ba."

Kawu ya gyaɗa kai. Rumfarsa a Dawanau ta shaida.

Washegarin ɗaurin aure Baba ya ɗora ni a babur ya kai ni gonarsa, wajen gari ta hanyar Madarumfa. Ni da nake zaton in an wuce Katsina sai rairayi, sai ga gonaki cike da itatuwa, nan gawo, can kalgo, can sabara da aduwa, a warwatse cikin karan gero. Gawon ya yi kore shar a tsakiyar rani, awaki jajaye na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Da damina kuma, in gero na neman rana, shi ne zai zubar da ganye ya zama taki. Baba ya ce ko ɗaya bai dasa ba. Ya durƙusa a gaban wani kututture da ya tsiro da rassa sun fi goma, ya zaro wuƙa, ya zaɓi uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya gyara gefen waɗanda ya bari. Minti biyu bai yi ba. Sassabin zamani suke ce masa. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, a da kowace shekara ake sassabe tohon a ƙone.

A wannan yanki ne wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma ga dabarar a farkon shekarun 1980, bayan dashen itatuwa ya sha ƙin kamawa. Daga gona zuwa gona ta bazu, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Na tsaya ina tunanin gonar gidanmu da muke sharewa ƙal duk shekara, da yadda a wajenmu ake taron dashen itace da 'yan jarida, wata uku a dawo a tarar akuya ta cinye. Tsakanin gonar Baba da gonakin Jibiya bai kai tafiyar awa ɗaya a babur ba. Buhu ya tsallako daga Kano ya same su, wannan wuƙar ce har yanzu ba ta gama tsallakowa ta same mu ba, alhali ba ta bukatar dogo ko bashin banki. Na roƙe shi ya sake yi a wani kututturen, na ɗauka a waya don in nuna wa ƙannena.

Ranar komawa Inna ta cika mana rabin buhu da wake, cikin ɗaya daga buhunan da muka kawo, ta ɗaure da hannunta. A ɗaya daga cikin shingayen hanya wani matashi mai kaki ya sa aka buɗe bayan mota. Ya tambayi mai shi, Kawu ya ce tsarabar biki ce. Sai ya ɗauko ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki. Kawu ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Ɗana, don Allah kada ka soka. Iska ta shiga, an gama."

Yaron ya duba bakin buhun, ya ga ɗauri uku, ya ajiye ƙarfen. Ya ce, "Yi haƙuri Baba, ban lura ba. Irinsa ne a ɗakin tsohuwata." Ya tsuguna ya kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tura hannu ya damƙo wake ya duba, sannan ya matse iskar da gwiwar hannunsa ya mayar da ɗaurin yadda ya same shi.