Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwas ɗin Kwantam da Zauren Kawu

Salam jama'a, mu ɗora daga inda muka tsaya wancan satin.

Ina aji uku a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi muka fara kwantam, wato fannin fiziks da ke nazarin yadda abubuwa mafiya ƙanƙanta suke aiki, kuma ba lissafin ne ya dame ni ba, lissafi ai a zauna ne a yi shi. Abin da ya tsaya min a rai gwajin tsaga biyu ne, a dinga harba ilektiron, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, ɗaya bayan ɗaya ta allo mai tsaga biyu, kowanne ya sauka waje ɗaya tak, amma in suka taru sai ka ga layi-layi kamar kowanne ya bi ta duka biyun, da an sa na'urar gano wacce ya bi kuma layukan sun ɓace. To kafin a auna shi yana ina?

Masana fiziks sun ba da amsoshi daban-daban. Tun 1926 Max Born ya ce lissafin nan, yiwuwar inda za a same shi kawai yake ba ka. Hugh Everett a 1957 ya ce duk abin da zai iya faruwa ya faru, duniya ce take rassa, ni dai wannan har yau bai kwanta min ba. Bayanin Werner Heisenberg ne ya kama ni, shi da ya aro tunanin Aristotle, masanin falsafar Girka na dā, ya ce yiwuwar nan wata aba ce tsakanin zato da tabbatuwa.

Ran Juma'a bayan la'asar na kai wa Kawu maganar a zaurensa na Jahun, yana kan buzu almajirai sun watse. Ya ce, "Yaro, ai ja'izi kenan, ka manta karatun tauhidi? Wajibi, mustahili, sai ja'izi wanda samuwarsa da rashinsa duk hankali ya ɗauka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, nan fa yiwuwa biyu haɗuwa suke su kashe juna, inda ilektiron zai iya sauka in tsaga ɗaya ce a buɗe, in ka buɗe ta biyu sai ya daina sauka a wurin." Na zana masa a ƙasa da tsinke.

Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce wannan kam ba su karanta ba, kar in ɗora wa addini abin da masu ilimin ma ba su daddale ba, in je in karanto da kyau in dawo. Daren nan na yanke shawarar a kan wannan zan yi furojet ɗina.

Yadda muka kwashe da neman sufabaiza kuwa, sai sati mai zuwa in sha Allah.