Camry Muscle ta 2007 zuwa 2011: abin da ya kamata ka duba kafin ka biya kuɗi

Camry ɗin da ake kira Muscle tana cikin motocin iyali da suka fi yawa a hannun dillalai, daga Legas da Kwatano har zuwa Kano da Kaduna. Tana da faɗi, kayan gyaranta na ko'ina, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai taɓa buɗe ta ba. Sai dai sunan Muscle ya haɗa motoci na shekara biyar da injina iri uku, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana da injin lita 2.4 mai suna 2AZ-FE. Ta 2010 da 2011 an sauya mata injin lita 2.5, wato 2AR-FE. Akwai kuma V6 mai lita 3.5, 2GR-FE, a duk shekarun. Wanda bai san wanne yake saya ba, bai san irin wahalar da yake saya ba.

Fara da lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofarsa. Ƙirga zuwa ta goma: 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Wannan ƙirgen yana da amfani domin ana sauya wa tsohuwar mota bamba da fitilu a sayar da ita a matsayin sabuwar fita. Idan lambar ta fara da 4T, a Amurka aka haɗa motar. Idan da J ta fara, daga Japan take.

Babbar matsalar injin 2.4 ita ce shan baƙin mai. Akwai ƙananan ramuka a jikin fistin, bayan ringin da ke share mai, waɗanda man ke bi ya koma ƙasa. Idan dauɗar ƙonewa ta toshe su, ringin ya maƙale, sai man ya riƙa hawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Ba lallai ka ga hayaƙi ba, domin abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, yana ɓoye shi har sai shi ma ya toshe. Ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Man yana tafiya ne kawai. Toyota ta fitar wa dilolinta takardar gyara a 2011, daga baya ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000, kuma ma'aunin da ta sa shi ne: idan mota ta sha fiye da kwat ɗaya, wato kusan lita ɗaya, a tafiyar mil 1,200, sai a sauya mata fistin da ringi. Mil 1,200 kusan kilomita 1,900 ne, kamar zuwa Abuja daga Kano da dawowa sau biyu da ɗan ƙari. Wannan ba kiranye ba ne, wato kiran da kamfani ke yi a dawo da motoci ya gyara kyauta saboda haɗari, kuma wa'adinsa ya wuce ga dukkan waɗannan motoci, don haka duk wanda ya sayi mai shan mai yau, aljihunsa ne zai biya.

Injin nan lita 4.3 kawai yake ɗauka da filta. Idan yana shan lita ɗaya a kilomita 1,900, kuma mai motar bai buɗe bonet sai ranar juye, to kafin kilomita 5,000 fiye da rabin man ya tafi. Jar fitilar mai da ke gaban direba ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa, kuma lokacin da za ta kama, metal, wato beyarin da ke cikin injin, ya riga ya fara ci. Ta nan injina da yawa ke bugawa a kan hanya, a zo ana zargin mai juye.

A wurin saye ba za ka iya yin gwajin kilomita 1,900 ba, amma akwai alamu. Je da sassafe, ka sa a tayar da motar a gabanka tana sanyi, ka tsaya a baya ka ga ko hayaƙi mai shuɗi-shuɗi zai fito. Sa yatsa a bakin salansa bayan ta huce: baƙin toka mai maiƙo alama ce. A ciro fulogi huɗun a duba ko akwai dasƙararriyar toka a bakinsu. Buɗe murfin mai ka leƙa ciki da tocila. Idan ka ga baƙin kunu a manne, an daɗe ana wasa da juye. Idan gejin ya nuna mai sabo fes kuma mai kauri ƙwarai, ka tambayi dalili. Murfin injin nan 5W-20 ko 0W-20 yake nema, kuma zuba 20W-50 don a rage sha yana rufe alamar ne kawai, yana kuma wahalar da tsarin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da ke aiki da mai ta ƙananan hanyoyi. Wanda ya riga ya mallaki motar, ya cika man zuwa layin sama, ya rubuta kilomita, ya riƙa dubawa duk mako a wuri mai daidai. Kafin a yanke hukuncin buɗe injin, a fara sauya bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin cikin injin, a kuma duba gasket ɗin murfin sama, domin su ma suna jawo raguwar mai kuma gyaransu ba shi da tsada. Idan shan ya ci gaba, maganinsa fistin da ringi ne, kuma sauya ringi kaɗai a bar tsohon fistin da toshewarsa aikin banza ne. A ganina, idan kuɗinka ya kai, ƙara ka sayi ta 2010 ko 2011. Ba a san injin 2.5 da wannan ciwo kamar na 2.4 ba.

Abin da ya fi shan mai haɗari shi ne totur. A watan Agustan 2009 wata Lexus ES 350 ta ƙwace a kusa da San Diego ta Amurka, mutum huɗu suka mutu, aka gano cewa tabarmar ƙafa ce ta danne totur. Wannan ya jawo kiranyen miliyoyin motoci, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2010. Gyaran da aka yi shi ne rage tsawon fedar, da gyara shimfiɗar ƙasa, da sa wa kwamfutar motar umarnin ta yanke wuta idan an taka birki da totur tare. A Janairun 2010 aka sake kiran wasu miliyan 2.3 saboda feda ƙirar kamfanin CTS da ke maƙalewa ko ta yi jinkirin dawowa, aka sa mata ɗan ƙarfe a ciki. Binciken hukumar sararin samaniya ta NASA da NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, a 2011 bai sami laifin lantarki ba, amma a 2014 Toyota ta biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ta sani.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin al'adarmu ce mu shimfiɗa tabarmar roba a kan kafet saboda ƙura da laka, wani ma ya ƙara ta uku. A wurin direba tabarma ɗaya ake so, daidai girman wurin, a rataye a ƙugiyoyinta biyu. Idan ƙugiyar ta karye, a sayo wata ko a cire tabarmar. Kashe motar, ka taka totur har ƙasa da hannu, ka ga ko bakinsa na taɓa tabarma da kuma ko yana dawowa nan take. Idan kuma, Allah ya kiyaye, totur ya maƙale kana tafiya: danne birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa bugawa kana saki, mayar da giya N, ka gangara gefe, sannan ka kashe. Mai makulli ya juya shi mataki ɗaya kada ya zare, don kada sitiyari ya kulle. Mai maɓalli sai ya danna ya riƙe daƙiƙa uku. A koya wa duk wanda ke tuƙa motar a gida.

Akwai kuma makunnin gilasan ƙofar direba a motocin 2007 zuwa 2009, wanda ya shiga kiranyen Oktoban 2012 na motoci sama da miliyan 7 a duniya. Idan ya fara ɗanko ko cijewa, kada a fesa masa man fesawa na kasuwa. Wannan ne ke sa shi zafi, ya narke, wani lokaci ya kama wuta. Sauya shi ya fi.

Mai son V6 ya duba abu ɗaya tun kafin ya yi ciniki: bututun mai na VVT-i da ke gefen injin. Na asali yana da guntun roba a tsakiya, kuma idan ta fashe man injin kan zube cikin mintuna. Wanda aka gyara da kyau ƙarfe ne daga farko har ƙarshe. Giyabos ɗin V6 ba shi da geji, kuma man giya ATF WS kaɗai yake sha, shi ne kuma man da na mai silinda huɗu ke sha. Jinkirin ɗaukar wuta da ake kuka da shi a ta 2007 lokacin tashi ko shan kwana yawanci daga kwamfuta yake, don haka kada a yi saurin sauke giya.

Dasbod mai narkewa yana ɗanko da ƙyalli a rana, kuma zafin arewa na ƙara masa. Ƙyallin nan yana haska gilashi ya hana gani da tsakar rana, don haka a rufe shi da mayafi marar sheƙi ko a sauya. Duba gefen famfon ruwa ko akwai busasshen ruwan hoda, alamar ya fara yoyo. Idan an cire tamostat ko an cika lagireto da ruwan rijiya, ka rage kuɗi, domin za ka yi aiki.

Sa lambar VIN a shafin kiranye na Toyota da na NHTSA ka ga gyaran da ba a yi ba, amma ka sani na NHTSA yakan tsaya a shekara 15 baya, don haka shirunsa bai wanke totur ba. Idonka ne zai duba. Yawancin waɗannan motoci daga gwanjon inshora irin su Copart da IAA suke fitowa, kuma neman VIN a intanet kan fito da hotunan motar ranar da aka yi gwanjonta, da mil ɗin da ke kanta a lokacin. Kwatanta shi da wanda ke gabanka. Sannan juya makulli ka kalli fitilar jakar iska: ta kama, ta yi kusan daƙiƙa shida, ta mutu ita kaɗai. Idan ba ta kama ba sam, ko ta mutu daidai lokacin da ta mai ko ta caji ta mutu, an taɓa wayarta, kuma sai an sa kwamfuta an kuma buɗe sitiyari kafin a yarda cewa jakar na nan.