Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gardamar Faifai Biyu

A makon jiya na tsaya a inda na samu ɗaki a birnin Bonn na ƙasar Jamus, a gidan wani dattijo da ƙanwarsa, waɗanda tun a watan farko na fahimci cewa babu abin da ke haɗa su faɗa sai kiɗan Beethoven, mutumin da aka haifa a wannan gari a 1770.

Kowace Lahadi bayan cin abinci sukan ɗora faifan simfoninsa ta biyar, wato dogon kiɗa mai sassa huɗu wanda aka fara kaɗawa a Vienna a watan Disamba na 1808. Dattijon ba ya yarda da kowane faifai sai na Wilhelm Furtwängler, madugun da ke jagorantar makaɗa, wanda aka naɗa a Berlin a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, domin a cewarsa madugun makaɗan yakan ja kiɗan ya sake shi kamar mai numfashi da ƙyar, kuma haka rayuwa take a lokacin da shi dattijon yake yaro. Ita kuwa ƙanwar tasa ta fi son na madugu Carlos Kleiber da makaɗan Vienna na 1974, tana cewa a 1817 Beethoven da kansa ya ƙayyade saurin da yake so da na'urar auna bugun kiɗa, saboda haka jan ƙafa ba girmamawa ba ne.

Abin ya ɗaure mini kai, domin rubutun da makaɗan ke dubawa ɗaya ne, kayan kiɗan ma iri ɗaya ne, amma da na saurari faifan biyu a jere sau da yawa sai na ji bambancin da kunnena, har zuciyata ta karkata ga na Kleiber, ko da yake ban taɓa faɗa wa dattijon ba saboda kunya.

Ranar da suka kai ni zauren kiɗa kuwa, ni ne na jawo abin magana. Da aka ƙare sashen farko na tafa da ƙarfi ni kaɗai, kasancewar na tashi a inda ake yi wa makaɗi guɗa da liƙi yana tsakiyar waƙa, sai na ga ɗaruruwan kawuna sun juyo. Dattijon ya sunkuyar da kai, amma ƙanwarsa ta raɗa mini cewa a zamanin Beethoven masu sauraro suna tafawa a tsakanin sassa, har sukan nemi a maimaita wanda ya burge su.

A hanyarmu ta komawa gida suka manta da tafin nawa, suka koma gardama a kan madugun wannan dare, shi yana cewa ya yi gaggawa, ita tana cewa bai yi sauri yadda ya kamata ba. A ƙofar gida suka juyo tare suka ce in raba gardama. Amsar da na ba su sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.