Takardun da suka kwana ba su wayi gari ba

Shagona ba wani babba ba ne, mu uku ne a ciki, ni da yara biyu, nan Maradi wajen Ali Dan Sofo. Da fotokopi da buga takardu muka fara, kuma in za a faɗi gaskiya har yau injin fotokopin ne ke biyan haya, amma aikin da raina ya fi so shi ne haɗa ma mutane sit na intanet, lakwal-lakwal masu zaman kansu, ƴan kasuwa masu kai da kawowa tsakanin nan da Katsina, da ƙungiyoyi. Da Drupal nike aiki, wato manhajar gina sit, wadda wani ɗan Beljiyam Dries Buytaert ya fitar tun 2001. Abokan sana'a duk da wata manhajar, WordPress, suke yi suna min dariya wai na ɗauko ma kaina dutse, to ni dai hannuna ya riga ya saba.

Bara gab da komawa lakwal wani Alhaji mai makaranta ya kira ni. Ya ce Malam, na gaji da layin iyaye a ƙofar buro, ga takardu suna ɓata, ina so uba ya zauna gidansa ya aiko takardar haihuwar ɗa da bultan na bara da hoto ta waya. Na ce ranka ya daɗe wannan ai aikin sati ɗaya ne. Bakina ne ya jawo min.

Akwai modil, wato ɗan ƙarin kod da ake liƙa ma Drupal don wani aiki, da aka riga aka yi na cike fom, Webform, kuma da shi na ɗauka da wataƙila ban sha wahala ba, sai dai Alhaji na son kowane yaro ya samu lambarsa, a haɗa shi da aji da abin da aka biya da saura, shi ya sa na zauna na rubuta nawa modil ɗin. Sa maɓallin ɗora takarda ba komai ba ne, layi biyar ko shida, ka ce nau'in filin managed_file ne, ka faɗi inda za a ajiye, ka faɗi irin fishiye da ka yarda da su, ni jpg da png da pdf kawai na bari don duk wanda ya buɗe ƙofa ga kowane irin fishiye to wata rana za a ɗora mai abin da zai cinye sarba, wato kwamfutar da sit ɗin ke zaune a kai, gaba ɗaya. Na gwada a shago ya yi, yarona ya gwada da wayarsa ya yi, muka miƙa aiki aka sanar da iyaye.

Ranar farko iyaye wajen talatin suka aiko. Da dare na leƙa na ga komai na nan, na yi barcina. Washegari ko karin kumallo ban yi ba sai ga wayar sakataren makarantar, wai sunayen yara na nan amma in ya taɓa takarda babu komai. Na ce rezo ne, sake gwadawa. Ba rezo ba ne. Na shiga sarba da kaina, dosiye wayam, kamar an share da tsintsiya.

Na zargi kowa kafin in zargi kaina, har sakataren bawan Allah sai da na tambaye shi ko ya danna wani abu. Ashe haka Drupal yake tun asali: duk fishiye da aka ɗora ta wannan fili yana shiga ne a matsayin na wucin gadi, kamar baƙon da bai samu mai masauki ba, in ya wuce awa 6 ba wanda ya ce nawa ne, to cron, wato mai sharar da ke zagayowa da kansa lokaci-lokaci, zai kwashe shi. Kuma suna da gaskiya, don mutum nawa ke ɗora abu ya fasa cike fom ya tafi, da ba a sharewa da sarba ta cika da tarkace. In da filin da Drupal ya tanada ka yi amfani shi ke kula da wannan, amma tunda ka ce kai gwani ne ka rubuta naka, kai za ka faɗa mai. Wajen karɓar fom sai ka ɗauko fishiye da lambarsa, ka kira setPermanent don ya zama na dindindin, ka kira save don a adana, sannan ka rubuta a rijistar file.usage cewa modil kaza ke amfani da shi. Layi uku. Layi uku ne suka sa na yini ina kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, wata Hajiya ta ce min ɗana, megar da na ƙona jiya kai za ka biya? Ban da abin cewa, haƙuri na ƙara ba ta.

Abin da ya hana ni gano shi tun a shago, gwajina duk na minti biyar ne, in ɗora in gani in ce ya yi. Yanzu kowane aiki sai ya kwana biyu a wurina kafin ya fita.

Sai maganar nauyi. PHP, harshen kod da aka rubuta Drupal da shi, in ba ka taɓa shi ba mega 2 kawai yake karɓa a fishiye guda, fom gaba ɗaya kuma mega 8, alhali hoton da wayoyin yanzu ke ɗauka cikin sauƙi yake wuce haka. Wanda ya ɗauko hoton daga WhatsApp ya wuce lafiya don an riga an matse shi, wanda ya ɗauka kai tsaye da kamara sai a ƙi. Na ɗaga iyakokin nan biyu, upload_max_filesize da post_max_size, amma wannan rabin magani ne, don uban da ke can wajen Tibiri ko Madarunfa da rezo sanda ɗaya ba zai iya tura mega 6 ba ko sarba ta yarda. Dole na ƙara ɗan kod da ke rage hoton tun a cikin wayar kafin ya taso.

Amma wanda ya fi tsorata ni ba kowa ya lura da shi ba, ni kaɗai na gani ina cikin gyara. A public, wato buɗe ga kowa, na sa wurin ajiya, don shi ne kowa ke kwafowa a misalai. Ma'anarsa duk wanda ya samu adireshin fishiye zai buɗe shi ba tare da ya shiga da suna ba. Takardar haihuwar ɗiyar mutane, da sunan uwa da uba da hotonta! A fotokopi ma ba na barin takardar wani a kan tebur wani ya karanta, balle wannan. Na mayar da shi private, wato a kulle, na buɗe dosiye a wajen inda intanet ke iya kaiwa, na rubuta hanyarsa a settings.php, sannan na ƙara wani ɗan kod, hook_file_download, da ke tambaya kafin a ba kowa: kai wane ne, sakatare ne ko direkta? In ba su ba ne a hana. Da na yi ma Alhaji bayani cewa ya yi to ai da ma haka na zaci yake. Shi ke nan, ba ƙarin ko dala, kuma ban ga laifinsa ba, wa ke biyan magini daban don ya sa ma ɗaki ƙofa.

Sati ɗayan nan dai wata guda ya zama. Bana an sake buɗe rijista ba abin da ya ɓata, sai dai ƙorafin sakatare cewa wasu na ɗora hoton takarda a juye ko da yatsa a kan suna, wannan kam ba modil da zai gyara. Wasu iyayen ma shagona suke zuwa da takardun a leda su ce Malam kai dai ka ɗora mana, sai yaro ya ɗauki hoto ya tura ya karɓi dala ashirin.