Bakin tekun Jale da tsibirin Rolas

Jama'a duk wanda ya tashi a Kano ruwan da ya sani bai wuce Tiga ko Challawa ba, shi yasa da na dawo daga Sao Tome 'yan majalisarmu ta Gwammaja suka hana ni sakat da tambaya, to ga labarin.

Ƙasar tsibiri ce a kudu da Najeriya, Fotugis suke ji don sai 1975 suka samu 'yanci daga Fotugal. Daga ƙauyen Porto Alegre da ke can ƙarshen kudu muka taka a ƙafa, hanyar duk taɓo da bishiyoyin kwakwa, ga zafi mai ɗanɗano wanda gumi baya bushewa, ba irin namu na Afrilu ba. Muna ɓullowa Praia Jale, wato bakin tekun Jale, wallahi babu kowa, sai yashi da baƙaƙen duwatsu na aman wuta da igiyar ruwa tana dukansu, ɗan rakiyarmu ya nuna min inda kunkurun teku ke fitowa da daddare su haƙa rami su zuba ƙwai, ya ce Alhaji kar ka taka nan. Gaskiya abin ya taɓa ni, halitta ce da mutane suka kusa ƙararwa saboda nama da ƙwai.

Washegari kwalekwale mai inji ya tsallaka da mu Rolas, ɗan ƙaramin tsibiri da layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, ya ratsa, akwai alama a kan tudu. Nan na yi azahar, ƙafa ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudu. In za ku je ku riƙi ruwan sha da takalmi mai ƙwari, silifas ba zai kai ku ba.