Awon ƙarfin tsofaffi da wayar hannu: abin da na gani a gidajen Jos

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin unguwa, kuma na shiga cikin masu bin gida-gida a Anguwan Rogo da Rikkos muna auna ƙarfin jikin dattawa da wayar hannu. Ba hawan jini ko ciwon suga muke nema ba, ko da yake muna duba su. Muna neman raunin nan ne da ke sa tsoho ya kasa farfaɗowa daga ƙaramin abu: mura ta kwantar da shi wata guda, ko ya zame a banɗaki ya daina tafiya daga ranar. Tun 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka zayyana alamominsa biyar: rama ba dalili, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali da ƙarancin motsi. Mai uku daga ciki ya shiga rauni, mai ɗaya ko biyu yana bakin shiga.

Tambayoyinmu mun ɗauko su ne daga ICOPE, tsarin kula da lafiyar tsofaffi na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fitar da littafinsa da manhajarsa a 2019, muka zuba su a fom na KoboToolbox, manhajar tattara bayanai a waya, saboda yana aiki ko babu sabis. Da yamma, in an samu data, sai mu tura.

Tambaya ta farko da ta ba mu aiki ita ce ta kwanan wata. Fom yana so tsoho ya faɗi ranar yau don a gane ko ƙwaƙwalwarsa na nan daram. Ka tambayi Inna, sai ta ce maka yau sha biyu ga Rajab, kuma daidai ta faɗa, sai dai ba ta san ko Janairu ake ciki ba, don bai taɓa yi mata amfani ba. In ka bi allon waya ido rufe, sai ka rubuta mata mantuwa. Muka yarda a tsakaninmu cewa lissafin watan Musulunci amsa ce cikakkiya. Haka maganar rama. Fom na tambaya ko mutum ya zubar da fiye da kilo 3 a wata uku, alhali yawancinsu ba su hau sikeli ba tun haihuwar autansu. Sai mu tambaya ko zobe ya fara zamewa daga yatsa, ko Baba ya ƙara ɗaure mazagin wando, mu kuma kalli surukar gidan, don ita ke kwashe kwanon tuwo ta san abin da ya rage a ciki.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na kujera. Tsoho zai harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar, waya na ƙirga lokaci. In ya wuce sakan 14, ko ya kasa ba tare da dafawa ba, a sake duba shi sosai. A takarda abu ne mai sauƙi. A tsakar gida kuwa, kujerar roba tana santsi a kan siminti, tana da hannaye da tsoho zai dafa ba da saninsa ba, wani gidan ma tabarma ce kawai da kujera 'yar tsuguno. Mun koma neman benci mu jingina shi da bango. Sanyin Jos ma ya sa baki: a watan hunturu, wanda ka gwada da sassafe gwiwoyinsa a sanƙare suke, don haka muka daina fara aiki sai hantsi ya ɗaga.

Wani dattijo, tsohon tela, na gaishe shi na ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Lafiya lau, 'yata, sai godiya." Duk tambayar da na karanto, amsarsa ke nan. Gajiya? Alhamdulillahi. Damuwa? Babu komai. Da muka zo kan benci, tashi na uku ya tsaya yana haki, ya yi dariya ya ce bencin ne ya yi ƙasa. Sai na ajiye wayar a cinya na ce, "Baba, a tsaye kake sallah ko a zaune?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce tun bayan babbar sallah yake zama, kuma Asuba da Isha'i ya daina fita masallaci saboda tudun layinsu. Babu wannan tambayar a fom ɗin da aka ba mu, amma a wurina ta fi rabin fom ɗin amfani. Mutum zai ɓoye maka gajiya saboda kunya da tawakkali, ba zai manta ranar da ya kasa miƙewa daga sujada ba.

Gwajin ji na manhajar hearWHO bai karɓe mu ba. Lambobi ake karantowa da Turanci cikin hayaniya, ga kuma ƙarar injin markaɗe a maƙwabta. Muka koma yin raɗa a bayan kunne.

Inda waya ta ci kuɗinta shi ne zuwa na biyu. A Ingila akwai tsarin da ke tsamo alamomin rauni 36 daga bayanan majiyyaci da ke kwamfutar likita, ba tare da an tambayi kowa komai ba. Mu nan katin asibiti a ƙarƙashin katifa yake, in bai ɓata ba. Amma da na koma gidan wata Hajiya bayan wasu watanni, wayar ta nuna min nauyinta na baya da sakan nawa ta yi a tafiyar mita 4. A da tana ƙasa da sakan 5, yanzu ta haura. Ita ba ta lura ba, 'ya'yanta ma haka, don kullum suna ganinta. Da muka zazzage ledar magungunanta, ga na asibiti, ga na kemis, har da maganin barci da wani ya ba ta. Likita ne ya tsaya ya rage su.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne jan layin da waya ke nunawa in an gano matsala ba ya sayen tabarau, ba ya biyan kuɗin cire yanar ido. Wasu mun tura su asibiti, kuɗin Keke ma ya gagara. Shi ya sa ba na barin gida sai na bar abin da za a iya yi a nan: tashi da zama a bakin gado safe da yamma, wake ko awara ko ƙwai a abinci maimakon koko zalla, fitila a hanyar banɗaki, da jika ɗaya da zai riƙa raka Baba masallaci. Lambar wayar wannan jikan nake rubutawa a fom, don tsofaffin ba kasafai suke ɗaga kira ba.