Taron zuri'ar maƙwabciyata 'yar asalin Ayalan

Jiya maƙwabciyata a nan Liverpool ta gayyace ni taron zuri'arsu. Kakanninsu sun baro gundumar Mayo ta ƙasar Ayalan ne a lokacin babbar yunwar 1845 zuwa 1852, bayan cuta ta lalata dankalin Turawa, yunwar da ta ci ran kusan mutum miliyan ɗaya. Dangi sun zo har daga birnin Boston na Amurka, ana ta labarin aure da haihuwa da rasuwa.

Wanda ya fi ba ni tausayi wani dattijo ne da ke neman sunan kakan kakansa. Takardun ƙidayar wancan zamani sun ƙone a Dublin, babban birnin Ayalan, a 1922, lokacin yaƙin basasa. Yanzu rajistar coci-coci yake bi ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa ya dace.